Hayaƙin Jego a Hawa na Sha Huɗu

Na daɗe da yanke hukunci, kuma ba na sauraron ɗaukaka ƙara, cewa ba a auna wayewar al'umma da tsawon gine-ginenta ko yawan littattafanta. Ana auna ta ne da yadda take sallamar hayaƙi. Kowace dabba ta san ta guji wuta. Ɗan Adam ne kaɗai ya ɗauko ta ya shigo da ita ɗaki, sannan ya zauna idanunsa na ruwa yana tunanin ta ina baƙin abin nan zai fita. Kakata ta warware matsalar da madafi mai rabin katanga a tsakar gida, sama a buɗe, sauran aikin ta bar wa iska. Mutanen ƙasashen sanyi kuwa suka gina wa hayaƙi doguwar hanya tasa ta kansa har saman rufi, suka ɗauki ma'aikata suna share masa ita duk shekara. Duk mai hankali yana cikin ɗayan makarantun nan biyu. Ni a shekarar korona na tsinci kaina ba a ko ɗaya ba: hawa na goma sha huɗu, unguwar Taman Melati, da kaskon wuta a hannu.

Shekara tara na yi ina koyar da tarihi a sakandare kafin a turo ni Kuala Lumpur neman digiri na uku. Kullum da safe in bi jirgi da bas zuwa Jalan Semarak, inda jami'ar take, in yini ina gyara jimlolin da na rubuta jiya, in dawo. Mai ɗakina ta biyo ni bayan shekara guda, ba a jima ba Allah ya ba ta ciki. Haihuwar fari ce, kuma kowa ya san haihuwar fari ba ta miji ba ce. An riga an tsara komai: in cikin ya kai wata bakwai ta tafi Kano goyon ciki, ta haihu a gaban mahaifiyarta, ta yi wankanta na kwana arba'in, ta dawo min da ɗa a goye kamar an aiko shi. Aikina bai wuce ragon suna da amsa barka ba, kuma na ji a jikina zan iya.

Sai aka kulle duniya. Jirage suka zauna, iyakoki suka rufe, aka ce mutum ɗaya ne zai riƙa fita daga kowane gida, shi ma sai da takunkumi a fuska da dalili a baki. Ta haifi 'ya mace ina tsaye a bakin ƙofar asibiti ina karanta allon da ke koya wa manya wanke hannu. Kwana uku aka sallame su. Ko jakar ban ajiye ba waya ta yi ƙara, Hajiya ce, surukata.

Ya kamata a san tsakanina da Hajiya. Tun da na auri 'yarta, duk maganar da ta taɓa shiga tsakaninmu ba ta wuce gaisuwa ba, ni a durƙushe, ido a kan tabarma. To yanzu ga ta a jingine da filas a kan tebur, fuskarta ta cika waya, kuma batun da za a tattauna irin wanda ko tsakanin mata sai an rage murya ne. Sai muka ƙirƙiro tsari. Ni in tsaya gefe, inda waya ba ta gani na, ita kuma ta yi magana da 'yarta.

"Ki ce wa Malam, ruwa safe da yamma. Ya tafasa, ba ya yi ɗumi ba. Da ganyen darbejiya."

"Malam, wai ruwa safe da yamma."

"Ki ce mata to."

"Kunun kanwa kullum. Nama a gasa da yaji, a kan garwashi. In kin fito wanka kuma turare, a kasko, ki gasa jikinki sosai kafin sanyi ya shige ki."

"Umma, akwai fa na lantarki yanzu. Sai a jona kawai."

"Na me? Ke, wutar da ba ta da toka ai ba wuta ba ce. Haske ne."

Na so in ce wani abu game da zafi, cewa shi zafi bai san uwar da ta haife shi ba, gawayi ne ko waya. Amma bayan an kashe kiran na ga mai ɗakina ta juya fuska bango. Yarinya ce da ta yi wata tara tana lissafin ranar da za ta kwanta a ɗakin uwarta a yi mata komai, ga ta nan da ɗinki da jaririya da malamin tarihi. Ta ce, "Malam, ni dai kada in koma gida a ce an bar ni da ɗanyen jiki." Daga nan muhawara ta mutu.

Ruwa bai ba ni wuya ba, babbar tukunya ce da murhun gas. Darbejiya ma ta samu, don Indiyawan unguwar Brickfields suna sayar da ita dami-dami, ɗan babur ya kawo ya rataye a ƙofar gini. Kasko da turare tana da su tun daga gida. Gawayi na samo a kedai ɗin da ke ƙasan gininmu, shagon da ke sayar da komai daga allura zuwa buhun shinkafa, har da ɗan ƙaramin kurfoti irin wanda suke gasa tsirensu a kai. Mai shagon ya auna min zafin goshi, ya dubi kayan, ya ce, "Sate, bos?" Wato tsiren nasu zan gasa? Na ce e. Ta ina zan fara?

Ban taɓa hura gawayi ba a rayuwata. Na taɓa koyar da yara yadda maƙeran zamanin da suke narka tama, har da zane a allo, amma tsakanin zane da garwashi akwai tafiya. Na fita baranda na tara gawayin, na nemi takarda, abin da hannuna ya kai shi ne babi na biyu na kundina, wanda malamina ya cika da jan biro. Ban taɓa ganin babin nan ya yi amfani irin na ranar ba. Na yi ta fifita da murfin tukunya har wuta ta kama, hayaƙi ya tashi fari fat, ya miƙe sama salin-alin, ya shige cikin shanyar mutanen hawa na sha biyar.

Kwana biyu muka yi a haka. A na uku aka zuro takarda ta ƙarƙashin ƙofa, daga ofishin masu kula da gini. Turanci ne mai ladabi, irin ladabin da ba ya zuwa da alheri. An hana kunna wuta a baranda. Wannan gargaɗi ne na farko. In ya kai uku, za a miƙa magana ga mai gida, kuma yarjejeniyar haya ta ba shi damar sallamar ɗan haya. Da azahar mai gidan ya kira. Wani tsoho ne Basine mai sanyin murya, Ankul muke ce masa kamar yadda ake ce wa duk dattijo a garin, shi kuma yana kira na Dokta tun ban yi rabin hanya ba.

"Dokta, barka da samun jaririya. Amma gashin nama a baranda, tak boleh lah, ba zai yiwu ba. Kwamitin ginin nan ba sa wasa. In na uku ya zo, hannuna ya fita."

Na ce in sha Allahu ba za a ƙara ba. Na ajiye waya na zauna. Wata uku na yi kafin in sami gidan nan. In na kira a waya a ce akwai, in na je aka ga fuskata a ce yanzu-yanzu aka bayar. Ankul ne kaɗai ya dube ni ya miƙo mukulli. In aka ce mu tashi yanzu, da jaririyar da ba ta cika mako ba, garin a kulle, ba jirgin komawa gida, ina muka nufa? A gefe guda kuma saura kwana talatin da biyar, safe da yamma, wuta saba'in ke nan. Gaba kura, baya siyaki, siyakin kuma yana kira a bidiyo bayan kowace la'asar.

Ina tsaye a kicin ina wannan tunani sai idona ya sauka a kan injin zuƙe hayaƙi da ke saman murhu, wani faffaɗan ƙarfe mai maɓalli uku da 'yar fitila. Shekara biyu muna gidan ban taɓa danna komai a jikinsa ba sai fitilar. Nan take ilimi ya motsa. Na ce duk abin da ke zuƙa dole ya fesar. Ba zai fesar a cikin gida ba, don in haka ne me ya yi? Ashe ke nan a waje yake fesarwa. Gini mai hawa ashirin da wani abu kuwa ba za a huda wa kowa bango ba, dole akwai babban bututu guda da ke ratsa shi har sama, kowane kicin yana zuba masa. Na ji daɗin hujjar nan ƙwarai. Da ɗalibi ne ya kawo min ita, da na ba shi tara cikin goma, in riƙe ɗaya don kada ya yi girman kai.

Na ɗora kurfoti a kan murhu, na rufe tagar kicin don kada ko kaɗan ya sulale waje ya kai ƙarata, na jiƙa tawul na toshe ƙarƙashin ƙofar gida, na danna maɓalli na uku. Injin ya ɗauki ruri kamar na markaɗe. Hayaƙi ya tashi, ya lanƙwasa, ya shige cikinsa ina kallo. Mai ɗakina ta juya waya ta nuna wa Hajiya.

"Iko sai Allah. Ki ce wa Malam boko ya yi rana."

Mako biyu ina sarauta. Na gane gawayin da ke tartsatsi da wanda ke ci a hankali, na iya juya nama, na iya ɗaukar garwashi da cokali in zuba a kasko in kai mata ƙofar banɗaki in juya baya. An yi suna a Kano, muka kalli ragonmu ana feɗe shi a waya. Wani ɗan hazo yakan kwanta a saman silin, idanu su ɗan yi yaji, na ce ragowa ce, ko babban titi ma akan sami cunkoso.

Rana ta goma sha tara aka tashi da ruwa, irin na garin nan da ke sauka kamar an kifar da randa. Duk tagogi a rufe. Da la'asar na haɗa aiki biyu, nama a kan kurfoti, garwashin turare a kasko, kuma na ƙara gawayi don ya jiƙe da danshi yana ƙin kamawa. Can na ji kamar an ɗaura min rawani an matse. Na ce yunwa ce. Sai na ji shiru daga banɗaki, na leƙa, na tarar da ita zaune a ƙasa ta jingina da bango, ɗaurin ƙirji, idanu a lumshe.

"Malam, ɗakin ne ke juyawa ko ni ce?"

A wancan zamani duk abin da ya sami mutum korona ce sai an tabbatar da akasin haka. Na ruga na ɗauko ma'aunin zafi. Ina ƙoƙarin karanta lambar, lambar na rawa, ta ce da wata murya da ban san ta da ita ba, "Ajiye wannan. Buɗe taga. Ina yarinyar?"

Yarinyar tana ɗakin ƙurya, ƙofa a rufe, tana barci. Ban san lokacin da na isa ba. Na ɗauke ta, ta yi miƙa, ta ɓata fuska, ta tsala kuka, ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba. Na buɗe tagogi duka, ruwa na feso mu, na wangale ƙofar gida, na sheƙa wa kurfoti ruwa ya yi tsaki ya turnuƙe. Muka tsaya a bakin taga mu uku muna shaƙar iska kamar kifin da aka mayar kogi. Sai da aka yi kusan rabin awa rawanin ya fara kwancewa.

Na kira wani abokina likita, ɗan garinmu da ke karatu a wata jiha. Ya saurare ni har ƙarshe, ya tambayi numfashin yarinyar da shan nononta, sannan ya ce, "Malam, ina ganin girmanka, shi ya sa zan zage ka a hankali. Hayaƙin da kake gani ba shi ke kisa ba. Akwai wanda gawayi ke fitarwa, ba launi ba wari, mutum ya ji barci kawai. Mutane nawa suka shiga ɗaki da kurfoti lokacin sanyi aka fito da su a miƙe? Kai da ka yi makaranta?" Na ce akwai injin zuƙa. Ya ce ko injin jirgi ne, a buɗe taga.

Hajiya da ta ji labarin jiri cewa ta yi, "Ai sanyin ne ke fita." Da aka ambaci jaririya sai ta juyo kanmu.

"To ku ma me ya kai ku rufe ɗaki? Mu a tsakar gida muke yi."

"Umma, nan babu tsakar gida."

"Babu tsakar gida? To wane irin gida ne?"

Tambaya ce mai kyau. A ƙarshe ta yi sassauci irin na manya: a rage garwashi, amma ba a fasa ba. Naman kuwa muka mayar da shi kaskon suya ba tare da sanarwa ba, in za a nuna mata sai a barbaɗa yaji da yawa.

Washegari takarda ta biyu ta shigo. Ƙofar da na wangale ta tura hayaƙin cikin farfajiyar hawanmu, har wata maƙwabciya ta fito da kyanwarta a hannu tana zaton gobara ce. Gargaɗi na biyu. Saura ɗaya, saura kwana ashirin. In na rufe taga mu shaƙe, in na buɗe a kore mu.

Da wani ne, da ya tsaya nan ya ce ya yi kuskure. Ni na zauna na yi nazari, na gano cewa hujjata lafiyarta ƙalau, bututun ne ya toshe. In ba haka ba me ke dawo da hayaƙi ta saman injin? Na ajiye kundi, na shiga karatun bututun hayaƙi. Kwana uku ban yi komai ba sai shi. Na karanta yadda baƙin kunkunniya ke taruwa a ciki har ya zama kamar kwalta, yadda yake kamawa da wuta wata rana ya cinye gida daga sama, yadda tsuntsaye ke yin sheƙa a baki, yadda ake zura doguwar tsintsiyar ƙarfe a ƙalla sau ɗaya a shekara. Mutumin da bai taɓa ganin ƙanƙara na sauka ba, a garin da ko bargo ba a sayarwa da daraja, na zama masanin murhun ɗumama ɗaki.

Na fara da ɓangarena, don mai neman adalci ya fara share ƙofarsa. Na zaro ragar ƙarfen da ke ƙarƙashin injin. Maiƙon da ke jikinta tarihi ne mai hawa-hawa, kowane ɗan haya da ya taɓa zama ya bar nasa zamanin, nawa ne na sama, baƙi ƙirin. Sabulu ya gwada ya janye. Sai na tuna yadda ake dafa tsohuwar tukunya da kanwa, na tafasa ruwa na zuba dunƙule biyu.

"Malam, me ka sa a ruwan nan?"

"Kanwa ce kaɗan."

"Kanwar tawa? Ta kunu? Wadda Umma ta ɗauro min a bakin zani? Malam, a garin nan ina za ka samo wata?"

"Don lafiyarku nake yi."

"Sannu, lafiya. Gobe sai ka dama min ragar in sha."

Ragar dai ta fita tas. Na mayar, na kunna, na kara 'yar takarda a ƙasa, injin ya cafke ta ya riƙe. Shi ke nan, hujja ta cika. Zuƙa tana nan daram, ashe matsalar tana can sama, a ɓangaren da ba nawa ba. Akwai wani allon katako da ya rufe tsakanin injin da silin, an ɗaure shi da kusoshi, yarjejeniya kuma ta hana ɗan haya kwance komai. Ban ma ga buƙata ba. Likita ba sai ya tsaga ciki yake sanin akwai hanji ba.

Sai na zauna na rubuta wa ofishin gini takarda. Ba na son yabon kai, amma ban taɓa rubutu mai kyan wannan ba, har kundin nawa. Shafi huɗu, da gabatarwa da gundari da kammalawa, kowane sakin layi da lambarsa. Na bayyana al'adarmu ta jego da mutuntawa. Na faɗi dalla-dalla yadda nake hura gawayi sau biyu a rana a ƙarƙashin injin, tun yaushe, da irin matakan da nake ɗauka, don a ga ni mai kiyayewa ne. Na kawo haɗarin toshewar bututu ga dukkan mazauna gini. Na tambaya, cikin ladabi mai kaifi, yaushe rabon da a share shi, kuma ina shaidar. Na nemi a turo ma'aikaci ya duba, na ce kafin nan duk wani gargaɗi na uku zalunci ne. A ƙasa na rubuta cewa kwafi ya tafi ga mai gida.

Na karanta wa mai ɗakina a tsaye. Tana shayarwa, ba ta ɗago ba.

"Malam, da ka bari. Saura kwana sha shida. Mu lallaɓa mu gama, ba wanda ya sani."

"Gaskiya ba ta lallaɓawa."

"To. Tsuntsun da ya ja ruwa dai."

Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban nemi ta ƙarasa ba. Na aika.

Amsa ta zo layi biyu: an karɓa, za a turo ma'aikaci idan hukuma ta ba masu gyara damar shiga gidaje. Na karanta ta sau biyar, kowane karatu tana ƙara zama nasara. Shafi huɗu sun sa ofis guda ya rasa abin cewa.

Sauran kwanakin a ɗarare muka yi su. Garwashi uku kacal, ƙanana, taga a buɗe, yarinya a ɗakin ƙurya da tata tagar a buɗe. Kafin in kunna sai in leƙa sama in ga ko akwai shanya, in jiƙa yatsa in ji ina iska ta dosa, in tsaya da faranti ina kora hayaƙi wajen injin kamar mai kora kaji akurki. Duk motsin da na ji a bakin ƙofa sai in je in duba ko takarda ce. Na rame. Malamina ya aiko yana tambayar gyaran babi na biyu, na ce masa ana kan aiki, babin ya ba da haske sosai.

Takarda ta uku ba ta zo ba. Ranar arba'in mai ɗakina ta yi wankan ƙarshe, ta yi kwalliya, ta yi kyau har na ji haushin yadda abin ya karɓe ta. Hajiya ta kira, ta dube ta sama da ƙasa, ta ce ta juya, ta juya.

"Alhamdu lillahi. Ina Malam ɗin? Matso da wayar."

Na durƙusa a gaban tebur, ido a ƙasa.

"Malam, sannu. Allah ya yi albarka."

Ban da gaisuwa, karo na farko ke nan da ta yi min magana ba ta bakin kowa ba. Na wanke kasko, na naɗe kurfoti a leda, na ce an gama.

Bayan mako guda aka sassauta kulle. Ranar wata Talata da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mutum uku ne da takunkumi: ma'aikaci da tsani a kafaɗa, wata mata daga ofis riƙe da takardata, da Ankul da kansa. Na ma manta na gayyace su. Suka tuɓe takalma suka shigo, na yi musu jagora zuwa kicin kamar mai kai baƙi gidan tarihi.

Ankul bai dubi injin ba, sama ya duba. Na bi idonsa. Abin da mutum ke gani kullum ba ya ganinsa. Silin ɗin da na karɓa fari ya koma kamar gindin tukunya, baƙin ya taso daga saman injin ya baje har bakin falo. Ya shafa bango da yatsa, ya duba yatsan, ya daɗe yana dubawa.

"Dokta. Gawayi? A cikin gida? Da jaririya?"

Ashe bai ma buɗe kwafin takardata ba. Da faɗa ya yi da na sami abin riƙewa. Na gyara murya na ce wannan baƙin da yake gani shi ne babbar shaidata, don hayaƙin da ya sami hanya ba ya dawowa. Ma'aikacin ya kafa tsani ya hau ya fara kwance kusoshin allon.

Matar ofis ta buɗe takardata, ta ce kwamiti ya karanta, sun ma yaba da Turancin. Ta sa yatsa a shafi na biyu, sakin layi na bakwai, inda na rubuta da hannuna cewa ina hura gawayi a cikin gida safe da yamma bayan an yi min gargaɗi. Ta ce ba su ga buƙatar jiran ƙara ta uku ba, tunda na kawo ta da kaina, da sa hannu.

Ankul ya ce, "Wata biyu, Dokta. Ba zan matsa maka ba, ka nema a hankali. Amma ka nema."

Mai ɗakina tana tsaye a bakin ƙofa da yarinya a kafaɗa. Ta dube ni, na tuna tsuntsun da ya ja ruwa.

Na ce a dakata. Na ce ba a yanke hukunci kafin a saurari shaida. In aka buɗe aka tarar bututun a toshe, laifin na gini ne, kuma zan nemi a rubuta haka. Ankul ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Boleh. A duba."

Ma'aikacin ya cire allon ya miƙo shi ƙasa, ya leƙa, ya yi wata magana da Malayanci, matar ofis ta sunkuyar da kai kafaɗunta na motsi. Ya sauko ya ba ni tocila ya nuna min tsanin. Na hau.

Injin irin wanda ke tace maiƙo ne ya mayar da iskar cikin ɗaki ta wasu 'yan ramuka a samansa. Ba shi da bututu. Bayansa bango ne.